Lemon Citta a Firizar Shugaba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haye kan firiza na zauna a gaban matan layinmu ba, ni da girmana da atamfata mai tsada, ina rantsuwa cewa jiri ne ya ɗebe ni. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Maigidana kuwa, duk ranar da yake jin tsokana, sai ya tsaya a ƙofar sito ya ce, "Shugaba, yau ba za a hau ba ne?" Bari dai in faro muku daga tushe, don ku san ba wanda ya jawo min wannan abin kunya sai bakina.

Gidanmu yana Tarauni, a wani layi da in ka miƙe shi za ka ɓulla Gyadi-Gyadi. Na daɗe a layin nan, amma kafin zuwan korona zaman baƙuwa nake yi a cikinsa. Ma'aikaciyar gwamnati ce ni. Da safe in shiga mota in ɗage gilashi, da yamma in dawo in danna hon a buɗe min get. Sayayyata kuwa sai manyan kantunan nan masu sanyi, inda za ki tura keke kina zuba kaya kina jin kanki wata tsiya. (Ko albasa mai sitika a jikin leda nake saye, Allah ya yafe min.) Ban san matar da katanga ɗaya ta raba mu tana soya awarar sayarwa ba, ni dai ina jin ƙamshi da yamma in ɗauka girkin gidansu ne.

Sai aka saka dokar kulle. Aka rufe ofis, aka rufe kasuwa, aka datse hanyoyi. Duniyata gaba ɗaya ta tsaya tsakanin get ɗinmu da rumfar mai kayan miya da ke bakin layi. Ga maigida a falo yana ta canza tasha, ga yara, ga Inna, mahaifiyarsa, wadda ta zo ganin likita kulle ya ritsa da ita a wurinmu. Ni kuwa na saba jagorantar mitin, ranar da ban gaya wa mutane abin da za su yi ba ji nake kamar ban ci abinci ba. Na gwada a kan maigida, ya ƙaro ƙarar talabijin. Inna ba a gwadawa a kanta.

Shi ya sa na buɗe guruf a waya, na zuba matan layinmu a ciki, na raɗa masa suna Mu Sayi Namu. Kullum da hantsi sai in saki saƙon murya mai tsawo ina wa'azin haƙƙin maƙwabtaka. Me zai sa cinikinmu ya tafi wurin wanda bai san sunanmu ba, alhali ga mai awara, ga mai dambun nama, ga mai ɗinka takunkumi, ga mai haɗa sabulun ruwa, duk a layi ɗaya? (Ni da sunan mai awarar ma a satin na fara sani.) Abin mamaki, shirin ya yi amfani. Mata da yawa da mazajensu suka zauna ba fita sun samu na cefane daga cinikin cikin layi, ni kaina na gano dambun naman unguwarmu ya fi wanda nake sayowa a roba mai rubutun Turanci. Suka fara kirana Shugaba. Ba zaɓe aka yi ba, kuma yanzu da nake tunani ina zargin da tsokana aka fara, amma na karɓa hannu bibbiyu.

A ƙarshen layin akwai Malama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, mai koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Daurawa. Makarantun kuɗi kun san halinsu, in yara ba su zo ba malamai ma ba albashi. Mijinta direba ne a hanyar Jos, hanyar kuma a rufe. Abin da kawai ya rage mata a ɗaki shi ne buhun ɗanyar citta da yayanta ya aiko mata daga gida kafin a datse hanya. Wata safiya ta buga get ɗinmu, ta ja baya ta tsaya da takunkuminta, ta miƙo min gora ɗaya. A jikin gorar ta manna 'yar takarda da ta rubuta sunanta da biro.

"Hajiya, lemon citta ne na gwada. Ki ɗanɗana, in ya yi ki gaya wa mata."

Na ce ta bar min kawai, an gama. Na saka gorar a firji don ta yi sanyi. Kuma a nan ne na yi wautar da duk sauran suka biyo bayanta, don ban jira ta yi sanyin ba. Waya tana hannuna, wa'azi yana cina, sai na danna na fara. Na ce 'yan uwa, yau na sha abin da ban taɓa shan irinsa ba. Na ce yana sauka a maƙogwaro lumui. Na ce duk wadda ta ƙara shigo da lemon kwalba layin nan ta ci amanar maƙwabtaka. Na tura, na ga an fara jero Masha Allah, sannan na tashi da jin daɗina na buɗe firji.

Kurɓar farko ban ji komai ba sai sanyi. Kafin in kai ta biyu sai na ji kamar garwashi na haɗiya, ya bi maƙogwarona ya sauka, sannan ya dawo ta hanci. Na fara tari, ga hawaye, ga majina. Ku tuna fa lokacin da in mutum ya yi tari ɗaya sai a watse a bar shi. Maigidana, uban 'ya'yana, wanda ya sha ce min ni ce rayuwarsa, ya ɗauki rimot ɗinsa ya koma kujerar da ta fi nisa. Inna ce ta karɓi gorar, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

"Wannan ai maganin mura ne, 'yar nan," in ji ta. "Wa ya ce miki lemo ne?"

Da ina da hankali, da a ranar na taka ƙarshen layi na ce, Malama, cittar ta yi yawa. Amma in na faɗa, dole a gane na yabi abin da ban ɗanɗana ba, ni Shugaba guda. Washegari kuma sai ga ta a get, idonta cike da ƙwalla, ta ce mata sun saye duk wanda ta yi, jiya yaranta sun ci shinkafa da kifi. Ku gaya min, ta ina zan fara? Na buɗe baki in ce ya yi yaji, sai na ji bakin nan yana cewa, "Ki riƙa kawo min kullum. Alhaji ma ba ya karya kumallo sai da shi."

Da na koma ciki maigida ya ce, "Na ji ki fa. Ni kar ki saka ni a wannan shari'ar."

Daga nan na shiga neman inda zan kai goruna. Da ofis a buɗe yake ai da sauƙi, in kai in ajiye a tebur, ma'aikata ko kananzir ka ajiye kyauta sai sun sha. Amma a zaman kulle ba inda za ki kai abu a layi bai dawo kunnen mai shi ba. Na ba mai gadin layi gora ɗaya. Daga ranar, in ya hango ni da leda sai ya tayar da nafila. Na gwada tuttulewa a wurin wanke-wanke, na manta kwatar gidanmu ta cikin layi take bi, kuma gangarenta ƙofar Malama Rifkatu ya nufa. Ranar layinmu gaba ɗaya ya wuni yana ƙamshin citta, ni kuma na wuni ina kora ruwa da omo ina addu'a. Inna ta kama ni da bokiti a hannu ta ce abin da aka sa wa sukari ba a zubarwa a gidan ɗanta, tana da rai.

Saura firiza. Muna da wata ƙatuwa a sito, mai murfi ta sama, wadda maigida ya haɗa da sola don ajiye nama, ko an ɗauke wuta ita ba ruwanta. Na ce bari in ɗan ajiye a nan kafin in yi dabara. Dabara ba ta zo ba, goruna kuwa kullum zuwa suke. Da babbar salla ta zo aka yi layya, ba wurin saka nama, sai na rabar da kusan duka. A shekarar nan aka yi ta yabon hannuna a layi, wai Shugaba ba ta iya kyauta kaɗan ba. Maigida yana cin tuwo da miyar kuka ba tsoka yana kallona.

Sauran mata kuwa a hankali suka janye. Malama Rifkatu ta ce min, "Hajiya, ke kaɗai ce ba ki gaji da ni ba." Maimakon in gane abin da hakan ke nufi, sai na hau guruf na wanke su tas a kan rashin kishi, na kuma ƙara yawan nawa don in nuna misali. Da ta tambayi gorunan da aka shanye don ta wanke ta sake zubawa, sai na ce ai dangin Alhaji na Hotoro ne ke kwashewa, sun ɗanɗana sun rikice. (Alhaji yana da dangi a Hotoro, wannan gaskiya ne. Ko murfin gorar ba su taɓa gani ba.) Ta yi murna har da tafa hannu. Ta je ta bugo sitika mai launi ta daina rubutun biro, tunda yanzu kaya har Hotoro suke zuwa.

Haka muka tafi har aka sassauta doka, aka ce za a buɗe makarantu. Wata Alhamis ta zo ba da goruna kaɗai ba, ta ce shawara take nema. Na shigar da ita falo. Ta ce mai makarantarsu ya kira, ranar Litinin malamai za su koma. Ita kuma ta yi tunani, za ta je ta gaya masa ta bar aiki. Za ta kwashi adashinta ta kama ɗan shago a Gyadi-Gyadi, ta sayi injin markaɗe, ta riƙi lemon citta gadan-gadan.

"In mutanen Hotoro suna nema haka, Hajiya, ai kasuwa tana nan. Ke kika fi ni sanin duniya. Me kika gani?"

Matar nan da yara uku, mijinta bai gama farfaɗowa daga zaman kulle ba, za ta saki albashin da ke hannunta saboda mutanen da ni na ƙirƙira. Tsoro ya kama ni na gaske. Kun san me na ce? Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Ta ce amin, ta tafi tana godiya. Na yi wa kaina alkawarin zan gaya mata kafin Litinin, irin alkawarin da na daɗe ina yi ina karyawa.

A satin ne ake suna a gidan Hajiya Balaraba, maƙwabciyarmu ta tsallaken layi, 'yarta ta zo wankan gida. Suna ranar Lahadi, don haka Asabar matan layi suka taru aikin suna, wasu na tsintar shinkafa, wasu na suyar cincin, wasu na tace zoɓo. Malama Rifkatu ta zo tun da wuri, ta ce gobe tana coci, gara ta yi nata aikin yau. Ni ma na je, na samu kujera a inuwa, na riƙe albasa ɗaya da wuƙa ina ba da umarni. Inna tana kan tabarma da faranti a cinya.

Da aka gama ɗura zoɓo a goruna sai Hajiya Balaraba ta riƙe ƙugu ta ce, "Yanzu ina za mu kai shi ya yi sanyi? Tun jiya ba wuta, mai ƙanƙara kuma ya ce ta ƙare."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ku kai gidanmu mana. Ai firizarmu da rana take aiki, ba ta mutuwa."

Albasar ta suɓuce daga hannuna. Na ce a hankali, "Inna, ai a cike take."

"Cike da me? Naman da kika rabar wa duniya?"

Mata suka yi dariya. Duk wadda ta yi aure a ƙasar nan ta san in surukarki ta yanke magana a gaban mutane, ke taki ta ƙare. Ba musu, ba ƙifta ido. Na miƙe na ce bari in yi gaba in gyara wuri, na tsallaka layin nan da saurin da ban san ina da shi ba. Niyyata in kwashe gorunan in tura ƙarƙashin gado. Na ɗaga murfi na ja ta farko, ta ƙi. Ashe ƙanƙara ta haɗe su sun zama dutse ɗaya. Ina cikin kokawa da su da muciya na ji muryoyi a get. Na mayar da murfi, na duba hagu na duba dama, sannan na dafa na haye na zauna, ƙafafuna suna reto.

Suka shigo sito, Hajiya Balaraba a gaba, Malama Rifkatu da baho cike da zoɓo a ka, mai awara da wasu mata a baya, Inna tana tafe a ƙarshe da carbinta. Suka tsaya suna kallona.

"Shugaba, lafiya?" in ji Hajiya Balaraba.

Na dafe goshi na ce, "Jiri ne wallahi. Ku ɗan ba ni lokaci, in na motsa faɗuwa zan yi."

Malama Rifkatu, baiwar Allah, ta sauke baho da sauri. Idonta ya faɗa kan ledar da ta kawo min da safe, wadda ban samu wurin cusawa ba na ajiye a bayan ƙofa. Ta zaro gora ɗaya, ta murɗe murfin, ta miƙo min da hannu biyu.

"Sha wannan, Hajiya. Citta tana maganin jiri. Ga shi kuma abin da kika fi so."

Na dubi gorar, na dubi matan da na yi wata da watanni ina zagi a kan rashin kishi. Duk sun zuba min ido. Na ce a raina ai mutum ba ya mutuwa don citta, na yi bisimilla, na kafa kai. Na so in yi irin shan wanda ya saba, sai na zuƙi mai yawa. Abin da ya biyo baya ban gan shi duka ba, don idona ya rufe, labari aka ba ni. An ce na yi wata irin ƙara, ɗankwalina ya faɗi, na diro daga kan firiza na ture baho na nufi randa ina ɗaga hannu. Mai jiri ke nan, wadda in ta motsa za ta faɗi.

Ina can ina ɗura wa kaina ruwa da moɗa na ji muryar Inna daga sito, a natse. "To, tunda ta sauka, Malama, buɗe ku zuba."

Na dawo ina tari, ruwa na bin haɓata, na tarar da murfi a ɗage. Goruna ne har baki, sitika a kan sitika, sunan Malama Rifkatu yana kallon Malama Rifkatu ta ko'ina. Ta sa hannu ta share ƙanƙarar da ke gefe. A can lungu ga na farko-farkon nan, masu rubutun biro.

"Na mutanen Hotoro ne?" ta tambaya.

Na ce, "Ba wasu mutanen Hotoro."

"Alhaji fa, da ba ya karya kumallo?"

Daga falo, inda na ɗauka talabijin yake kallo, maigidana ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ni shayi nake sha."

Hajiya Balaraba ce ta fara fashewa, sauran suka bi, har da mai riƙe bango. Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Amma Malama Rifkatu ba ta yi dariya ba, kuma da suka lura sai dariyar ta mutu.

"Hajiya, jibi fa zan je in ajiye aikina," ta ce. "A falonki na zauna na gaya miki. Kika ce Allah ya sa alheri." Ta juya gorar da na sha a hannunta. "Ki gaya min gaskiya. Ƙazanta kika gani? Ko abin hannuna ne ba kya iya ci?"

Wannan tambayar ta fi cittar zafi. Duk tsawon lokacin nan ina ta kare girmana, bai taɓa zuwa raina cewa abin da za ta zata ke nan ba, ita da ba addininmu ɗaya ba, ta zauna cikinmu shekara da shekaru tana zuwa sunanmu da ta'aziyyarmu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba ta da ban dariya.

Na ce, "Wallahi tallahi ba haka ba ne, Malama. Yaji ne. Yaji ne kawai. Kuma ranar da na yabe shi a guruf ban ma ɗanɗana ba tukuna."

Sai ga mai awara tana gyaran murya. Ta ce ita ma gora ɗaya ta saya tun farko, har yau da ita take wanke ƙarnin kifi. Hajiya Balaraba ta ce ita mai jego take ba wa cokali-cokali don gasa ciki. Wata ta ce mijinta a shayi yake ɗigawa in mura ta kama shi. Ashe kowacce ta ƙone a ɗakinta ta yi shiru.

"To me ya hana ku faɗa?" in ji Malama Rifkatu.

"Ai Shugaba ta ce lumui yake sauka," in ji mai awara. "Sai muka ɗauka maƙogwaronmu ne na talakawa."

Malama Rifkatu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Mu a garinmu in citta ba ta sa ka hawaye ba, cewa za ka yi an cuce ka. Ni na zata gata nake muku. Da mutum ɗaya ya gaya min, ai ruwa kawai zan ƙara."

Ruwa. Naman layyata, omon da na ƙarar a kwata, mutanen Hotoro, hawa firiza, duk a kan ruwa.

Inna ce ta katse mu, ta ce zoɓon mutane yana hucewa. Aka kawo ruwan zafi aka ɓamɓare goruna, aka jera su a tsakar gidana cikin rana, duk wadda ta leƙo daga gidan suna sai ta tsaya a ba ta labari daga farko. Da wasu suka narke, Malama Rifkatu ta ɗauki kofi ta zuba zoɓo, ta tsiyaya lemon citta a kai, ta tsallake ni ta miƙa wa Inna. Inna ta kurɓa ta ce, "Ƙara zoɓo." Ta ƙara. Inna ta sake kurɓa ta ce, "Yanzu ya zama abin sha." Haka aka juye zoɓon suna a manyan robobi aka sake haɗawa. Washegari kafin la'asar ya ƙare, baƙi suna tambayar wa ya yi, mai shi kuma tana coci.

Ranar Litinin ta ɗauki jakarta ta koma makaranta, ba ta ajiye aikin ba. Ni kuwa ta daɗe ba ta ba ni fuska ba, daga ina kwana Hajiya sai ta wuce. Ban ga laifinta ba. Ranar da Inna za ta koma gida, ina saka mata kaya a mota, ta ce min ƙasa-ƙasa, "Ina ɗaki ina jin ku ranar da ta zo shawara. Na jira ki Juma'a, na ga ba ki da niyya." Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara girma. Me zan ce?

Daga baya na taka ƙarshen layi na ba ta haƙuri, kuma a ranar na fara shiga ɗakinta, ni mai wa'azin maƙwabtaka. Ta bar ni na gama jawabina tsaf, sannan ta jera min ƙananan kofuna ta ce in ɗanɗana kowanne a gabanta, tana kallon idona ba bakina ba. Yanzu tana koyarwa da safe, da yamma tana sayar da lemonta, kuma yana tafiya har Ƙauyen Alu, wurin mutane na gaske masu rai. Kala uku take yi. Akwai na garinsu, mai sa hawaye. Akwai na tsakiya. Akwai kuma wani mai ruwa-ruwa da take yi don yara da marasa juriya, wanda ta raɗa wa suna na Shugaba.

Guruf yana nan, ina nan ina sayen na layinmu, amma duk ranar da na yabi wani abu sai wata ta rubuto, "Shugaba, kin ɗanɗana kuwa?" Abin da na koya dai bai da yawa. In za ki taimaki sana'ar maƙwabciyarki, ki buɗe murfin kafin ki buɗe baki, in kuma ya yi yaji ki ce ya yi yaji, don yabon ƙarya ya kusa cinye aikin matar da na ce ina taimako.

Kwanan baya na je sayen nawa, na tarar da wata amarya sabuwar tarewa a ƙofar Malama Rifkatu. Ta ce a ba ta na Shugaba, ita ba ta iya shan mai zafi. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Don Allah Hajiya, wai wace ce Shugabar nan da aka sa wa lemon yara sunanta?"

Malama Rifkatu ta tsaya da gora a hannu tana kallona, tana jira ta ji ko na warke.

Na ja numfashi na ce, "Ni ce. Ki zauna in ba ki labari, kafin mai awara ta riga ni."